Kada Kayan Gyaran Hoton Kwamfuta Su Zama Mallakar Kamfani Ɗaya

Duk wanda ya buga wasan bidiyo a waya, ya ga ruwa yana ƙyalli ko inuwa tana bin ɗan wasa, to aikin wata ƙaramar manhaja ya gani, wadda masu sana'ar ke kira shader. Aikinta rini ne: ita ke yanke wa kowane ɗigo na allo launinsa. Allo mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye ya haura ɗigo miliyan biyu, kuma wasan da ke tafiya sumul yakan sake rina su sau 60 a daƙiƙa ɗaya. Nan gizo ke saƙar. Manhaja ta yau da kullum idan ta cije, mai rubuta ta yakan tsayar da ita ya bi ta layi-layi. Ita kuwa manhajar rini, dubbai ne irinta ke aiki lokaci guda a cikin na'urar sarrafa hoto, kuma idan lissafi ya kuskure ba ta cewa uffan. Sai dai allo ya yi baƙi ƙirin, ko fuskar ɗan wasa ta rikiɗe.

Saboda haka kayan gano kuskure su ne idon mai wannan sana'a, kuma a ganina bai dace idon ya kasance a aljihun mai sayar da na'ura ba. Yau Microsoft na da PIX, NVIDIA na da Nsight, AMD na da Radeon GPU Profiler, Apple kuma ya saka nasa a cikin Xcode. Kowanne gwani ne, amma a gidansa. Sai a dubi RenderDoc, wanda Baldur Karlsson ya fara a kamfanin Crytek na Jamus, aka kuma saki asalin rubutunsa ga kowa a 2014. Yana kama hoto guda daga cikin wasa, ya baje duk umarnin da aka bi wajen zana shi, har mutum ya zaɓi ɗigo ɗaya ya ga wane lissafi ne ya taɓa shi, wane ne kuma ya ɓata shi. Ba ruwansa da wanda ya ƙera na'urar, kuma yana aiki da tsare-tsaren zana hoto na Vulkan da OpenGL da Direct3D, a Windows da Linux da Android. Ba banza ba manyan injinan haɗa wasa, Unity da Unreal, suka buɗe masa ƙofa.

Masu kare kamfanoni za su ce wanda ya ƙera na'ura shi ya san cikinta. Gaskiya ne. Idan ana neman dalilin da ya sa wasa ke jan ƙafa, Nsight zai nuna abin da RenderDoc ba ya iya gani, domin yana karanta ma'aunan da NVIDIA ya dasa a cikin na'urarsa. To amma wannan hujja ce ta a buɗe ma'aunan ga kowa, ba ta a rufe su ba. Masana'antar ma ta fara gane haka a wani fannin: SPIR-V, tsarin bai ɗaya da ƙungiyar Khronos ta fitar a 2015 don ɗaukar manhajojin rini, Microsoft da kansa ya sanar a 2024 cewa tsarinsa na DirectX zai rungume shi. In har an yarda da harshe ɗaya wajen rubutu, me zai hana a yarda da shi wajen bincike?

Wasu kuma na cewa zancen ya kusa zama tarihi, tunda a manhajar Blender ko Unreal ana haɗa launi ta hanyar jona akwatuna ba tare da rubuta layi ko ɗaya ba. Amma akwatunan nan rubutu suke haifarwa a ƙarƙashi, kuma ranar da ya lalace, sai an buɗe shi.

Inda abin ya fi shafar mu shi ne waya. Yawancin wayoyin Tecno da Infinix da itel da ke hannun jama'a suna ɗauke da na'urar hoto ta Mali ko PowerVR, alhali wanda ya haɗa wasan sau da yawa a kan kwamfuta mai NVIDIA ya gwada shi. Rinin da ya fito tsaf a can yana iya dagulewa a nan, musamman da yake na'urorin waya kan rage zurfin lissafi don tattalin batir. Matashin da ke koyon sana'ar a Kano ko Maraɗi ba zai iya sayen na'urar kowane kamfani don ya koyi kayan aikinsa ba, amma zai iya sauke RenderDoc kyauta, ya jona wayarsa da kebul, ya binciki hoton a kan irin wayar da masu sayen wasansa ke riƙe da ita.