FIƊAR RAGE ƘIBA DA MAIƘON DA KE CIKIN JINI

Ya ku malaman makaranta da akawunan ƙasar Karaye da Rogo, ga wani al'amari da ya kamata mu tsaya mu auna shi da hankali, watau aikin fiɗa da likitoci ke yi don rage ƙiba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas na jama'ar duniya yana da ƙiba mai cutarwa. Mu ma kuwa ba mu tsira ba. Manomin Rogo da masuncin madatsar ruwan Challawa gumi yana ƙone musu abin da suka ci. Amma mu masu albashi mun wuni bisa kujera, mun jingine keke mun hau babur, da maraice kuma ga tsire ga balangu.

Abin tsoron shi ne wani maiƙo da ke yawo cikin jini, wanda likitoci ke kira kolestarol, hanta ce ke yin mafi yawansa. Akwai mugu, mai suna LDL, shi ke liƙewa a hanyoyin jini har ya jawo ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Akwai kuma nagari, HDL, mai kwashe shi ya mayar hanta. Ban da su akwai kitsen jini, wanda ƙiba ke ƙara wa yawa.

Fiɗar nan iri biyu ce ta fi yawa. Ta farko, a yanke wajen kashi 80 cikin 100 na tumbi. Ta biyu kuwa, wadda Likita Edward Mason ya fara a Iowa ta Amurka a 1966, a bar ɗan ƙaramin tumbi a haɗa shi da hanji, abinci ya tsallake wani sashe.

To, me aka gani? A ƙasar Suwidin an fara bin mutum fiye da 4,000 tun 1987, wajen rabinsu an yi musu fiɗa. Rahoton 2004 ya nuna bayan shekara goma sun fi sauran samun sauƙin kitsen jini da ciwon sukari, HDL kuma ya hau. Amma fa yawan kolestarol gaba ɗaya bai bambanta sosai ba, ga shi kuwa yawancinsu tumbi kawai aka tsuke musu. Binciken da ya biyo baya ya nuna fiɗar tsallake hanji ta fi sauke LDL, domin hanji ya rage tsotsar maiƙo. Ashe raguwar nauyi dabam, saukar LDL dabam. Siririn mutum ma yana iya samunsa, sau da yawa gado ne.

Kuma ba kowa ake yi wa ba. Ga lissafin da kowane malami zai iya: a raba nauyi da tsawo sau tsawo. Mai tsawon mita 1.7 da nauyin kilo 105, lissafinsa ya kama 36. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin fiɗar suka fitar a 2022 ta soma daga 35, ko 30 ga mai ciwo irin na sukari. Wanda aka yi wa kuwa zai riƙa cin abinci kaɗan kaɗan, ya sha ƙwayoyin ƙarin jini da bitamin muddin ransa, ko azumi sai ya shawarci likita. Kada kuma ya bar maganin kolestarol ɗinsa sai likita ya ce.

Saboda haka shawararmu ita ce, kada kowa ya sayar da gonar gado don ya ji labari a bakin aboki. A fara zuwa a auna jini a babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A rage kitse da man shanu da sukari, a yawaita wake da ganye, a taka da ƙafa zuwa wurin aiki. Malamai kuma su koya wa yara lissafin nan tun yanzu, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.