Tallafin Ambaliya a Ƙaramar Hukumar Auyo: Ina Gizo Ke Saƙa?

Idan za a iya tunawa, ambaliyar shekarar 2022 ta hallaka mutane fiye da 600 a faɗin Nijeriya, kuma Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi shafa. A ƙaramar hukumar Auyo, kogin Haɗeja ya yi ambaliya ya shanye gonakin shinkafa gab da girbi. Ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa ta daɗa tsananta lamarin.

Hukumomin NEMA da SEMA ke da alhakin kai ɗauki, amma a ganinmu nasarar tallafi ta rataya kan abubuwa biyu.

Na farko shi ne rajista. Manomi da yawa aron gona ko haya yake yi. Idan aka rubuta sunan mai gona kaɗai, wanda ya zuba iri da taki, ya kuma ci bashi, zai tashi a tutar babu. Wajibi ne dagatai da masu unguwanni da malaman gona su taka ƙafa har gona kafin su rattaba hannu.

Na biyu shi ne lokaci. Tallafin da ya iso kafin noman rani yakan zama iri, da taki, da man injin ban ruwa. Wanda ya makara kuwa, cefane da biyan bashi ke cinye shi.

Don haka muna kira ga manoma su kai rahoton asara da wuri, jami'ai kuma su riƙe amana.