Sharhi: Maganin kansa da haske ke kunnawa, da inda zai amfani majinyatan Gombe

Daga unguwar Federal Low-Cost zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe tafiya ce ƙanƙanuwa, kuma asibitin na cikin guda shida da Gwamnatin Tarayya ta fara aiwatar da Asusun Tallafa wa Masu Kansa a cikinsu a shekarar 2021. Sai dai kusanci da asibiti bai hana majinyata da yawa isa gaban likita bayan cutar ta ci jiki ba. Da wannan ma'auni ya kamata a auna maganin kansar da ake kunna shi da haske.

Hanyar ba sabuwa ba ce. Tun shekarun 1970 Thomas Dougherty ya gwada ta a Amurka, aka kuma amince da maganin Photofrin a Kanada a 1993. Ana ba majinyaci sinadarin da ke taruwa a ƙari, sannan a haska wurin da jan haske, sinadarin ya sauya iskar oksijin zuwa guba mai kashe ƙwayoyin cutar.

Aibin Photofrin shi ne yana zama a fata, har majinyaci ya guji rana na aƙalla kwana 30. Wannan sharaɗi ne mai nauyi ga manomi ko ɗan acaɓa a Gombe. Shi ya sa binciken fetayid, wato gajerun sarƙoƙin sinadaran da ke gina furotin, ya cancanci kulawa. Suna haɗuwa da kansu su zama ƙunshin da ido ba ya gani, su ɗauki maganin zuwa ƙari, su rage abin da ke yawo a sauran jiki. Amma mafi yawansu har yanzu suna matakin gwaji a kan dabbobi.

Ko da sun kai asibiti, hasken ba ya ratsa tsoka fiye da kimanin santimita ɗaya. Amfaninsa yana kan cutar da ke farkonta a fata, baki ko bakin mahaifa, ba wadda ta bazu ba. Zabiya, waɗanda rana ke jawo wa kansar fata, suna cikin waɗanda za su iya fara cin moriya.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 sun nuna kusan mutum 128,000 suka kamu da kansa a Najeriya, kimanin 80,000 suka rasu. Ga Gombe, abin gaggawa shi ne faɗaɗa gwajin bakin mahaifa da na mama a cibiyoyin lafiya matakin farko na unguwanni irin Federal Low-Cost.