ZAUREN KASUWA: Idan Abokin Ciniki Ya Riƙe Maka Kuɗi A Garwa

 Ga mu mun sake haɗuwa a wannan fili namu na wata-wata. Yanzu da albasa ta fara fita, manyan motoci kuma suna ta lodi zuwa Yawunde da Duwala, lokacin ba da kaya bashi ya kama ke nan, kuma duk wanda ya daɗe a kasuwa ya san lokacin rigima ne ke bin bayansa. Saboda haka mu ka ga ya kamata a wannan wata mu tattauna a kan abin da ɗan kasuwa Bahaushe zai yi idan abokin cinikinsa ya riƙe masa kuɗi, a nan Garwa ko a kasuwannin kewaye irin su Pitowa da Adumri da Gashiga da Gidar.

Mu fara da sanin matsayinmu. Mu Hausawan wannan yanki kashi biyu ne. Akwai waɗanda kakanninsu su ka zo fatauci tun kafin Jamusawa su kama Garwa a 1901, su ka zauna har unguwa guda ta ɗauki sunansu, watau Hausare. Waɗannan 'yan ƙasa ne, babu wanda ya fi su zama 'yan Kamaru. Akwai kuma 'yan'uwanmu da su ka shigo daga Mubi ko Yola ko Kano ko Maraɗi neman halaliyarsu, su kuwa baƙi ne a idon doka. To, amma ranar da hayaniya ta tashi a bakin rumfa, ba wanda zai tsaya duba katin kowa. Abin da za a ce shi ne Bahaushe ya yi faɗa da wane. Rigimar mutum ɗaya daga cikinmu ba ta tsayawa a kansa shi kaɗai, sai ta shafi mahauci da tela da mai shayi waɗanda ba su ma san abin da aka yi ba.

Wanda ke ganin kamar muna zuzuta abin, ya tuna da kasuwar Shasha ta Ibadan. A watan Fabrairu na 1921 ba mu ke nufi ba, jiya-jiyan nan ne, Fabrairun 2021. Cacar baki ce ta haɗa wani mai dakon kaya da masu rumfa, mutum ɗaya ya rasu, kafin a farga an ƙone kasuwa, an yi asarar rayuka, Hausawa masu tumatir da albasa da su ka shekara da shekaru a wurin su ka kwashe iyalansu. A cikin wannan shekarar kuma, nan kusa da mu a Logon Birni, gardama a kan ruwa da dabbobi tsakanin makiyaya da masunta ta zama faɗan ƙabilu, ta kai har Kusiri a watan Disamba, aka ƙone kasuwar shanu, dubban mutane su ka tsallaka Cadi. Don haka abu na farko shi ne baki. Wane ne ya ci maka kuɗi, sai ka kira sunansa shi kaɗai. Kada ka ce halin Fulani ke nan, ko halin Tufuri, ko halin mutanen kudu. Ban da haɗarin da ke ciki ma, tun watan Disamba na 2019 dokar Kamaru ta mai da kalaman ƙiyayya ga wata ƙabila laifi mai ɗaurin shekara ɗaya zuwa biyu, kuma saƙon murya da ka aika ta WhatsApp cikin fushi yana iya zama shaida a kanka.

Yanzu kuma ga inda yawancinmu mu ke tuntuɓe, watau ofishin jandarma da na 'yan sanda. Mutum ya bi bashi wata uku, ya gaji, sai wani mai ba da shawara ya ce masa, "Alhaji, kai shi birgad kawai, in ya kwana biyu a ciki danginsa za su kawo kuɗin." Lalle wani lokaci kuɗin su kan fito. Amma a duba abin da kyau. Bashi tsakanin 'yan kasuwa ba laifi ba ne a doka, magana ce ta kotun ƙararrakin jama'a. Abin da ya ke laifi shi ne sata da zamba da cin amana, waɗanda sashe na 318 na dokar laifuffuka ta 2016 ya yanka wa ɗaurin shekara biyar zuwa goma. Bambancin kuwa a fili ya ke. Idan ka sayar wa mutum buhu hamsin na masara a kan zai biya bayan wata ɗaya, ya kasa, wannan bashi ne. Idan kuwa ka damƙa masa buhu hamsin ɗin ya kai maka Ngaundere ya dawo maka da kuɗinka, sai ya sayar ya cinye, wannan cin amana ne, kana da damar kai ƙara. Wanda ya ɗauki na farko ya yi masa fentin na biyu don a kulle mutum, ya sani ƙarar ƙarya ita ma laifi ce, kuma wanda ya kulle yana iya juyowa kansa.

Sa'an nan ko da kuɗin sun fito ta wannan hanya, nawa ne ke isa aljihunka? A cire na mota, a cire na goro, a cire kwanakin da rumfa ta yi a rufe. Abin da ya fi wannan, mutumin da ka sa aka tsare ɗan gari ne, yana da kawu a fada, yana da suruki a ofis, kuma ba zai manta ba. Kai kuma idan baƙo ne, tambaya ta farko da za a yi maka a kan teburin nan ita ce ina takardunka. Kamaru ba ta cikin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, saboda haka ɗan Nijeriya ko ɗan Nijar da ya zauna yana kasuwanci sai da katin zama. Ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, mai ƙara ya shiga da ƙafarsa, wanda ya kai ƙara ya fita ya bar shi a ciki.

Idan kuma kai aka kai, to, ga abin da ya kamata ka sani. Dokar bin laifuffuka da ta fara aiki a 2007 ta ce tsarewa a ofishin bincike awa 48 ce, ana iya sabunta ta sau ɗaya, ƙari a kan wannan kuwa sai da izinin mai gabatar da ƙara na gwamnati a rubuce. Ba a fara tsare mutum ranar Asabar ko Lahadi ko ranar hutu sai in an kama shi dumu-dumu cikin laifi, shi ya sa masu mugunta su ke son sammacin yammacin Juma'a. In ka sami irin wannan sammaci, kada ka tafi kai kaɗai, ka tafi da dattijo da kuma mai jin Faransanci. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba, domin sau da yawa takardar amincewa da bashi ce, kuma adadin da ke ciki ba lalle ne ya zama wanda ka sani ba.

To, ina za a nufa? Iyayenmu ba su bar mu haka ba. Wanda ya haɗa cinikin shi ne farkon wanda za a nema, dillali ne ko mai gida, domin la'adar da ya karɓa ba ta nuna kaya kaɗai ba ce, ta tsayawa a kan magana ce. In abin ya fi ƙarfinsa, akwai shugaban masu sana'ar. Duk wanda ya san fadojin Lamiɓe na wannan yanki ya san akwai sarautu irin su Sarkin Fawa da Sarkin Shanu da Sarkin Hausawa, har sunayen ma da Hausa su ke, wanda ke nuna tun can an ba mu wurin zama a zauren. Daga nan sai Jauro ko Lawan na unguwar wanda ake bi, sa'an nan fadar Lamiɗo. Kuma kada a ɗauka wannan hanya ta bayan fage ce. Dokar sarautun gargajiya ta 15 ga Yuli 1977 ta ba sarakuna ikon yin sulhu tsakanin mutanensu bisa al'ada. Amfaninta ga ɗan tsiraru babba ne: wanda ka ke bi zai ji maganar daga bakin nasa mutanen, da Fulatanci ko da harshensa, ba daga bakinka ba, kuma an bar masa ƙofar da zai biya ba tare da ya zubar da girmansa ba. Sai dai mu faɗi gaskiya, sulhu ya kan zo da ragi. Za a ce, "Alhaji, ka yafe masa jaka hamsin, sauran ya biya sau uku." Mu dai a ganinmu wanda ya karɓi kashi takwas cikin goma ya kuma ci gaba da buɗe rumfarsa lafiya bai faɗi ba. Abin da kawai ba za a bari ba shi ne a tashi daga zaure ba a rubuta abin da aka yanke ba, da ranakun biya, da sa hannun shaidu.

Wannan ya kawo mu ga rubutu, inda nan ma mu ke da rauni. Yawancin cinikinmu na baka ne, har wani ya kan ji kunya ya ce a rubuta, wai kada a ce bai yarda da ɗan'uwansa ba. Alhali kuwa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Rubutun ba sai na lauya ba. Sunan mai bayarwa da mai karɓa kamar yadda su ke a katin shaida, irin kaya da yawansu, kuɗi, ranar biya, shaidu biyu, kuma zai fi kyau ɗaya daga cikin shaidun ya zama daga mutanen wanda ya karɓa. A ajiye saƙonnin Orange Money da na MTN, kada a goge. Tsakanin 'yan kasuwa doka tana karɓar kowace irin hujja, har da littafin rumfa.

Masu ciniki tsakanin nan da Nijeriya kuma su ƙara abu ɗaya: da wane kuɗi za a biya? Manya daga cikinmu sun tuna watan Janairu na 1994, sa'ad da aka kwana aka tashi sefa ta rasa rabin darajarta, zumunci da yawa ya lalace a kan bashin da aka ci kafin ranar. Abin ya sake faruwa ta ɗaya gefen. A farkon Yuni na 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500, ita kuwa sefa tana ɗaure da yuro ba ta motsa ba. Wanda ya ba da shanu a kan naira miliyan goma, aka biya shi bayan wata takwas, an biya shi a baki, amma ba a biya shi a aljihu ba. In an rubuta tun farko cewa da sefa ne, ko da naira bisa canjin ranar biya, babu abin gardama.

Idan sulhu ya ƙi, kotu tana nan, kuma ba abin tsoro ba ce ga mai takarda. Akwai kotun al'ada wadda ke duba basussuka, amma sai duka ɓangarorin biyu sun yarda da ita, in ɗaya ya ƙi tun farko sai a tafi kotun zamani. A can, ƙarar da ba ta wuce sefa miliyan 10 ba tana zuwa ƙaramar kotu, wadda ta wuce haka sai babbar kotu. Akwai kuma gajeriyar hanya da dokokin OHADA su ka tanada, watau yarjejeniyar dokokin kasuwanci da aka sa wa hannu a 1993, wadda Kamaru da Nijar da Cadi ke ciki amma ban da Nijeriya. Mai bin bashi zai kai wa shugaban kotu takardunsa, in ya gamsu cewa bashin tabbatacce ne, an san adadinsa, lokacin biya kuma ya yi, sai ya ba da umurnin biya ba tare da an yi dogon zama ba. Wisiye, watau ma'aikacin da ke kai sammaci da kama dukiya da izinin kotu, shi zai kai wa wanda ake bi, kuma dole a kai cikin wata uku. Tun gyaran da ya fara aiki a Fabrairun 2024, kwana 10 ne kawai wanda ake bi ya ke da su don ya yi jayayya, a da 15 ne. Wannan ya shafe mu ta fuska biyu: in kai aka kawo wa irin wannan takarda, kada ka cusa ta ƙarƙashin tabarma, ka nemi lauya a ranar. A kuma lura, haƙƙin kai ƙara yana mutuwa. A harkar kasuwanci shekara biyar ce, a cinikin kaya tsakanin 'yan kasuwa kuwa shekara biyu kacal. Haƙurin da ya wuce wannan ya zama kyauta.

Saura magana ɗaya, ta lafiyar jiki. Kada wanda ya je ya kwashe kayan rumfar wani ko ya kama babur ɗinsa da hannunsa wai jingina, domin nan take mai bin bashi ya koma ɓarawo a idon doka. Kada kuma a bi bashi cikin daji. Yankin Tuboro da sauran ƙasar Mayo Rai sun sha fama da 'yan fashi da masu satar mutane don kuɗin fansa, kuma wanda aka san ya je karɓar kuɗin shanu an san abin da zai dawo da shi. In wanda ake bi ya ce a same shi a ruga bayan la'asar, a ce masa a haɗu a ƙofar Jauro ranar kasuwa, kuɗin kuma a turo ta waya.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba maganar hayar rumfa da kuɗin fatanti. Wanda ke da tambaya a kan wannan ya aiko mana tun da wuri.