Gyaran Ƙafafun Ƙananan Jiragen Ƙasa Na Kwaikwayo

A filinmu na wannan mako za mu waiwayi ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo, waɗanda kamfanoni irin su Hornby na Ingila da Märklin na Jamus suka daɗe suna ƙerawa. Masu sha'awar abin sukan kashe kuɗi mai yawa wajen sayen kan jirgi, amma da an ɗora shi bisa layi sai ƙafafunsa su tona masa asiri, suna ta ƙyalli kamar sabon kwano. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Zariya ko ta Kafancan kuwa ya san ƙafar jirgin gaske baƙa ce, ta sha mai da ƙura da tsatsa. Wurin da yake gugar ƙarfen dogo ne kaɗai yake haske.

Kafin a ɗauki burushi, ya kamata a san ma'auni. A ma'aunin HO ana rage jirgi sau 87, a na OO kuwa sau 76, amma duka biyun suna tafiya kan layi mai faɗin milimita 16.5. Wannan ya dace da HO, domin faɗin layin dogo na yawancin ƙasashen Turai milimita 1,435 ne. Ga OO kuwa layin ya yi ƙunci, shi ya sa waɗansu gwanaye a Ingila sukan sake ƙafafu su koma milimita 18.2 ko 18.83. Mai son kwaikwayon jiragen tsohon layinmu na Legas zuwa Kano, mai faɗin milimita 1,067, ma'aunin ragi sau 64 ne zai dace masa da layin nan na 16.5.

To, ga yadda ake aikin. Da farko a jiƙa auduga da sifirit a goge ƙafa sarai, domin fenti ba ya kama wurin da ke da maiƙo. Sa'an nan a sami baƙin fenti marar ƙyalli, a ɗiga masa ruwan ƙasa kaɗan, a shafa da siririn burushi a fuskar ƙafa da gefenta na waje. In an kifar da kan jirgin cikin soso, aka ba shi wuta yana juyawa a hankali, sai a kafa bakin burushi kawai, zagayen ya fita daidai. Sandunan da ke haɗa ƙafafu kuwa, a yi musu shafi mai ruwa-ruwa, kalar tsohon man inji.

A nan ne fa ake yin ɓarna, don haka a kula. Ta tafin ƙafa, wato inda take taka dogo, lantarki yake shiga, kuma a yawancin jirage akwai 'yan siraran ƙarafa masu gugar bayan ƙafa suna kai wutar ga inji. Fenti ya taɓa ɗayan wuraren nan biyu, jirgi ya tsaya cik. In ya zuba, a goge shi nan take tun bai bushe ba. Haka kuma kada a zare ƙafa daga sandarta ba dalili, gama a jirgi mai aiki da kwal ƙusar sandar dama da ta hagu suna da tazarar rubu'in zagaye. In wannan ya goce, sai jirgi ya riƙa cijewa.

Akwai kuma ruwan magani mai baƙanta ƙarfe, irin wanda ake yi wa bindiga aiki da shi. Yana da kyau, don ba ya cika kauri, amma guba ne. A sa safar hannu, a wanke ƙafar da ruwa bayan an gama, a kuma ɓoye kwalbar nesa da yara.

Abin da fenti ba ya gyarawa shi ne leɓen ƙafa mai tsawo na tsofaffin jirage, wanda yakan wuce milimita ɗaya. Ƙungiyar NMRA ta Amurka, wadda aka kafa a 1935, ta tsara siffar ƙafa mai suna RP-25, mai ɗan gajeren leɓe. Amma gajeren leɓe yana bukatar layi shimfiɗaɗɗe sosai, in ba haka ba jirgi ya dinga sauka a kwana. Saboda haka a fara gyara layi tukuna.

Shawararmu ga sabon hannu ita ce ya gwada da ƙafar tsohon tarago kafin ya taɓa kan jirgi mai tsada. Sannu ba ta hana zuwa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.