Sharhi: Man Giya, Asarar Da Masu Motocin Kasuwa Ke Jawo Wa Kansu

Sanin kowa ne cewa harkar ciniki a Gombe a kan ƙafar mota take tafiya. Hatsin da ake lodi a Tudun Hatsi, da kayan da ake saukewa a Babbar Kasuwa, da fasinjojin da ke tashi zuwa Bauchi da Yola da Biu da Potiskum, duk tsoffin motoci ne masu giyar hannu ke ɗaukar mafi yawansu. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996 zirga-zirga ta ƙaru, amma akwai wani abu guda da masu motocin ke yi wa riƙon sakainar kashi, wato man giya.

Kowane direba ya san lokacin juyen baƙin mai na inji. Amma da wuya a sami wanda zai iya faɗin ranar da aka canza masa man giya. Akasari ciko kawai ake yi, shi ma sai giya ta fara kuka. Alhali kamfanonin ƙera motoci da dama suna ba da shawarar a canza shi tsakanin kilomita 50,000 zuwa 100,000, kuma zafi da ƙura da lodi mai nauyi suna rage wannan wa'adi. Motar da ke zuwa Bauchi ta dawo kullum tana cin kimanin kilomita 300 a rana, wato kilomita 90,000 ke nan cikin kwana 300 na aiki.

Hujjar da wasu ke kafawa ita ce wai taɓa man tsohuwar giya shi ke kashe ta. Wannan magana ta samo asali ne daga motoci masu giyar otomatik. Giyar hannu kuwa haƙora ne na ƙarfe da boris da zobban tagulla, kuma tsohon mai da ya cika da garin ƙarfe babu abin da yake yi musu sai ci. Idan giya ta mutu bayan juye, to da ma ta riga ta ci kanta, ko kuwa an zuba mata man da bai dace ba.

Kuskure na biyu shi ne wanke giya da man gas ko kananzir. Giyar hannu ba ta bukatar wannan. Duk yadda aka tsiyaye, sai saura ya maƙale ya tsinka sabon man. Hanyar da ta dace ita ce a juye man yayin da yake da ɗumi, bayan an fara kwance noti na zubawa, don kada a zubar da tsoho a rasa ƙofar zuba sabo. Sai a duba maganaɗisun da ke jikin notin ƙasa, in akwai shi: laushin gari ba abin damuwa ba ne, amma gutsattsarin ƙarfe alama ce ta babban gyara na tafe. Man da ya yi fari kamar madara kuwa ruwa ne ya shige shi. Daga nan a cika a wuri mai shafe har sai man ya fara tsiyayowa daga ƙofar zubawa. Idan tsohon man ya yi mummunan datti, a sake juye na biyu bayan ɗan lokaci.

Har ila yau akwai batun irin man. Giyoyi da yawa GL-4 aka tanadar musu, kuma wasu mayukan GL-5 na ɗauke da sinadaran da ke iya cin zobban tagulla. Tilas ne a bi abin da kamfani ya rubuta, a kuma guji man awo na kwalba wanda ba a san asalinsa ba. Araha dai ba ta ado.

Ko shakka babu, tun da aka janye tallafin fetur aka kuma saki darajar naira a 2023, kayan gyara da ake shigowa da su suka yi tsada ƙwarai. Ƙananan motoci da yawa lita biyu zuwa uku kacal suke sha. Kuɗin wannan bai kama ƙafar kuɗin giya ta gwanjo ba, balle asarar kwanakin da mota za ta yi a gareji, ko tumatir ya ruɓe a hanya.

Saboda haka ya kamata kowane mai mota ya buɗe littafi, ya riƙa rubuta ranar juye da kilomita da irin man da aka zuba. Ƙungiyar direbobi ta NURTW da ta kanikawa ta NATA su wayar da kan 'ya'yansu, hukumar SON kuma ta ƙara sa ido kan jabun mai a kasuwa. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.