Kwanson Harsashi Ma Shaida Ne

A watan Yunin 1915 Jamusawan da ke Garwa suka miƙa wuya ga sojojin Ingila da Faransa, bayan an kwana goma ana ɓarin wuta a bakin Binuwai. Don haka duk wanda ya tono kwanson harsashi a dazukan yankin, da fartanya ko da na'urar gano ƙarfe, bai kamata ya kai wa 'yan gwangwan ba. A gindin kwanso akan buga alamar masana'anta da shekarar ƙira. Shekarar ba ta faɗin ranar harbi, amma alamar da wurin tsintuwa sukan nuna inda kowace runduna ta ja daga. In an narkar da shi, shaida ta tafi. Wanda bai fashe ba kuwa, kada a taɓa, a sanar da hukuma, domin tsatsa ba ta hana shi tashi.